Sabar da ke ƙarƙashin teburin falona

Ranar Talata wani abokin aikina ya shigo ofis jiki a sanyaye. Daren Litinin aka tare shi a bakin layinsu aka karɓe wayarsa, Allah ya taƙaita ba su taɓa lafiyarsa ba. Muna ta jajanta masa, wannan ya ce maza a toshe layin, wancan ya ce a fara kiran banki. Shi kuwa ba abin da yake maimaitawa sai, "Hotunan sunan yarona fa, duk suna ciki." Na yi shiru, don na san wannan ciwon. Da na dawo gida na ce bari dai in rubuta abin da na daɗe ina cewa zan rubuta, a kan tsohuwar kwamfutar nan da wasunku suka gani a ƙarƙashin teburin falona har suna tambaya ko lalacewa ta yi. Rubutun zai yi tsawo, mai sauri ya ajiye sai dare.

Baba, Allah ya jiƙansa, ya rasu a 2022. Bai taɓa iya rubutu a waya ba, amma a shekarunsa na ƙarshe jikoki sun koya masa aika saƙon murya a WhatsApp. Yaro zai danna masa, shi kuma ya gyara murya ya fara da sallama, ya faɗi sunansa da unguwarsa, kamar mai aika gaisuwa gidan rediyo. Akwai wanda ya aiko mini ranar da takardar ƙarin girmana ta fito daga mataki na 10 zuwa na 12 (ma'aikata sun san babu 11 a tsakani). Minti uku yana addu'a, ya rufe da cewa kada in yarda in sa hannu a takardar da ban karanta ba. Bayan rasuwarsa nakan kunna wannan saƙon a bakin ofis kafin in shiga.

Ƙarshen 2023 aka fizge wayar daga hannuna ina cikin adaidaita sahu. A take ban tashi hankalina sosai ba, don a zatona komai yana can a ajiye a intanet, abin nan da ake kira gajimare. Sai da na sayi wata wayar na shiga na ga ta'asar da na yi wa kaina. Wurin da aka ba ni kyauta na hotuna ya cika tun da daɗewa, saƙon gargaɗi yana ta zuwa ina ta sharewa. Ajiyar saƙonni kuwa ni da hannuna na kashe ta, wai tana sha mini data. Wayar Baba kuma tuni an goge ta an ba wani jika. Na bi yayye da ƙanne na samo saƙonni huɗu da ya aika a zauren iyali. Wanda ya aiko mini ni kaɗai ya tafi. Ba laifin kowa ba ne sai nawa, da-na-sani kuwa ƙeya ce.

Hanya mafi sauƙi ita ce in riƙa biyan kuɗin hayar wuri a intanet duk wata, kuma ba na kushe wanda ya zaɓi haka. Amma ku tuna lokacin. An cire tallafin mai a watan Mayun 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, bankuna da dama kuma sun riga sun rufe katin naira ga biyan kuɗi a waje. Kuɗin irin wannan hayar ko da naira aka rubuta shi, dala yake bi. Ga kuma datar da za ka ƙona wajen ɗora bidiyon biki guda. Da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, sai na ƙara gode wa Allah da na riga na nemi wata hanyar.

Wani ɗan bautar ƙasa da aka turo sashenmu ne ya fara ce mini, "Yallaɓai, ai da ka haɗa saba a gida." Na ce saba kuma, irin ta banki? Ya yi dariya. Ashe kwamfuta ce kawai da ba a zama a gabanta. Ba ta buƙatar allo, tana kunne a lungu, an haɗa ta da rawutar gida da kebul, wayoyi da talabijin suna zuwa wajenta su ajiye ko su ɗauka. Rumbu ne dai na zamani. Abin da ya ja ni gaba ɗaya shi ne da ya ce tsakanin wayarka da rawuta da saba ba a taɓa data. Ko datar ta ƙare ƙarƙaf, muddin rawutar na kunne, waifai ɗin cikin gida yana aiki, yara za su kalli abin da ke cikin sabar, hotuna za su tashi daga waya su shiga, ba a cire maka sisi ba. Mutane da yawa ba su san wannan ba, ni ma da digirina ban sani ba.

A watan Agustan 2024 na shiga kasuwar Beirut na sayi ƙaramar HP 'yar Kwatano, irin wadda ofisoshin Turai suka gama da ita, Core i5 ƙarni na 6, memori giga 8, da ɗan ƙaramin faifan SSD a ciki na ɗaukar manhaja. Ba ta kai kuɗin waya mai matsakaicin kyau ba. Na kawo gida da murna, sai na tarar 'yar maifai ɗin aljihu da muke amfani da ita ba ta da ramin kebul ko ɗaya. Dole na koma na sayi rawuta mai cin layi kuma mai ramuka a baya. Wanda zai fara, ya duba wannan tukuna.

Babban faifan ajiya, wato had-dis mai tera 2, shi ne na yi wa wayo. Na ga wani yana talla a intanet, sabo dal a cewarsa, da rangwame mai daɗi. Na saya. Za mu dawo kansa.

Maganar manhaja ba zan cika ku da ita ba. Mun sa OpenMediaVault, wadda aka gina a kan Debian, kyauta ce, kuma daga burauzar waya ko laftof ake sarrafa ta. A kanta muka ɗora Jellyfin na fina-finai da waƙoƙi, shi ke jera su a talabijin da hotunansu kamar ka shiga shagon haya, da Immich mai kwashe hotuna daga waya da kansa da zarar ka shigo gida. Dare uku muka yi, biyu daga ciki ni nake ɓatawa yaron yana gyarawa. Da faifan ya nuna tera 1.8 maimakon 2 na ce an cuce ni, ya ce a'a, masu ƙerawa da 1,000 suke lissafi, kwamfuta kuma da 1,024. Wannan dai ba cuta ba ce.

Makon farko gidan kamar salla. Na kwashe duk abin da ke cikin tsofaffin filas da memori da ke watse a durowa: bidiyon aurenmu, saukar karatun babbar 'yata, waƙoƙin Shata da Ɗan Maraya da na daɗe ina tarawa, katun na yara. Gaskiya akwai fina-finan Hausa da na karɓo wajen masu turi shekarun baya, waɗanda na san waɗanda suka yi wahalar shirya su ba su ga ko kwabo daga hannuna ba. Wannan kam saba ba ta halatta shi ba, tattara shi kawai ta yi wuri guda har na ga yawansa na ji kunya.

Daga nan ƙasa ta fara nuna mini halinta. Duk bidiyon koyarwa da na kalla a YouTube na mutanen da wutarsu ba ta ɗaukewa ne, masu ɗakin ƙasa mai sanyi. Ba wanda ya yi maganar abin da zai faru in an ɗauke wuta sau biyar kafin la'asar. Faifai yana cikin rubutu a yanke masa wuta, abin da yake rubutawa na iya lalacewa, in abin ya yi yawa shi kansa ya samu matsala. Sai na mayar da sabar da rawutar kan layin inbata. Na auna abin da take ci, wajen wat 20 ne har da faifan. Ku lissafa: awa 24 sau kwana 30, ya kama yunit 14 da ɗoriya a wata. Ko da farashin naira 225 da aka sanar wa 'yan rukunin A a Afrilun 2024, bai wuce naira dubu uku da 'yan kai ba. A takarda ba komai ba ne.

A batir kuwa komai ne. Batirinmu guda ɗaya ne, bolt 12, amfiya 200, irin wanda ba a so a sha fiye da rabinsa. Sabar kaɗai in ta kwana a kunne tana cinye wajen kashi ɗaya cikin biyar na wannan rabin. Lokacin sanyi ba wanda ya kula. Da zafi ya shigo, fanka ta fara mutuwa ƙarfe uku na dare, uwargida ta tashe ni ta ce, "Injiniya, ka zaɓa, ko mu ko akwatin nan naka." Tun ranar sabar take kashe kanta ƙarfe sha ɗaya na dare, ta tashi ƙarfe bakwai na safe lokacin da sola ta fara kamawa. A cikin BIOS ake saita tashin, a nan ne kuma ake gaya mata ta kunna kanta in wuta ta dawo, ba sai an zo an danna ba. Wata ƙaramar fitinar kuma, duk sanda rawuta ta mutu ta taso sai ta ba sabar sabuwar lamba, talabijin ya neme ta ya rasa, yara su kira ni ina tsakiyar mitin. Maganin shi ne a shiga rawutar a keɓe wa sabar lamba guda ta dindindin. Aikin minti biyu ne, ni ya ɗauke ni wata guda kafin in gane.

A Oktoban 2024, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka yi sama da mako guda cikin duhu bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna da matsalar da ɗaya layin ya samu, kashe ta na yi gaba ɗaya. Maƙwabta suna kawo cajin waya, ana neman wutar da za a ga tuwo, ba lokacin katun ba ne. Wanda zai bi shawarata a yau, in yana da tsohon laftof a gida, ya fara da shi. Ya fi cin wuta kaɗan, kuma batirinsa a jikinsa yake, ko an ɗauke wuta ba zai mutu farat ɗaya ba.

Sai ƙura da zafi. Bayan hunturu na buɗe ta na ga fankar ciki ta yi gemu. A Afrilu, da zafin Kano ya haura 40, faifan yana nuna 52 a ma'auninsa. Na ɗaga ta daga kan kafet na ɗora a kan bulo biyu, na matsar da ita daga jikin bango.

To, mu koma kan faifan rangwame. Kowane had-dis yana riƙe da tarihin kansa a ciki, ana kiran abin SMART, kuma a ciki akwai adadin awannin da ya yi a kunne tun da aka ƙera shi. Ban san a duba ba sai da ya fara wani ƙas-ƙas kamar agogon bango. Da na duba, awa dubu 38 da wani abu. Ku raba da awa 8,760 da ke cikin shekara, sama da shekara huɗu ke nan yana aiki dare da rana a wani wurin kafin a goge masa jiki a sa shi a sabuwar leda. Araha ba ta ado. Ranar wata Asabar a watan Mayu ya yi shiru, bai sake tashi ba. A cikinsa akwai saƙonnin Baba guda huɗun nan, da hotunan shekara goma sha biyar.

Wallahi sai da gabana ya faɗi, duk da na san abin da na sani. Abin da na sani shi ne, tun watan farko ɗan bautar ƙasar nan ya matsa mini in sayi faifai na biyu mai kebul, in riƙa kwafe komai a kai, in kai shi wani gidan. Na yi ta ƙorafin kuɗi, ya ce, "Yallaɓai, abin da yake wuri ɗaya ba a ajiye yake ba, jiran ɓata yake." Ƙa'idar masu harkar ita ce kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wajen gida. Nawa na wajen gida yana cikin durowar Yaya a wata unguwar, duk Juma'ar ƙarshen wata in na je gaishe ta nake ɗauko shi, in kwafe, in mayar. Da faifan ya mutu, kwafin Yaya yana da mako uku a baya. Hotunan mako ukun kuma suna nan a wayoyinmu ba a goge ba. Na sayi sabon faifai, wannan karon a gaban mai shago na sa aka duba awanninsa, na kwana biyu ina mayar da kaya. Ko hoto ɗaya bai ɓata ba. Na kunna muryar Baba a falo, na zauna a ƙasa na saurara har ƙarshe.

Wasu za su ce me ya sa ban sa faifai biyu a cikin sabar suna kwafar juna ba, abin da ake kira RAID. Yana da amfani, in ɗaya ya mutu ɗayan ya ci gaba. Amma duk abin da ka goge a ɗaya nan take yake gogewa a ɗayan, kuma tsawa ko gobara ko ɓarawo ba sa zaɓar ɗaya su bar ɗaya. Autana ya taɓa goge foldar bikin ƙanwata gaba ɗaya yana neman katun. Faifan gidan Yaya ne ya dawo da ita. Tun ranar yara kallo kawai suke iya yi, gogewa sai ni da mamansu.

Shiga sabar daga nesa shi ma da nasa labarin, amma a taƙaice: layukan waya sukan haɗa kwastomomi da yawa a bayan lamba guda ta intanet, don haka ba za ka iya buɗe ƙofa kai tsaye zuwa gidanka ba, kuma ko za ka iya ban ba ka shawara ba. Tailscale na sa, kyauta ce ga amfanin gida, tana haɗa wayata da sabar kamar ina falo ko ina Abuja wajen taro. Sai dai a nan kam data tana tafiya, ta ɓangarorin biyu ma.

Wani abokina da ya ga abin ya burge shi ya ce ai sai mu riƙa ɗaukar hoton fayilolin ofis muna zubawa a ciki, tunda kullum ana neman fayil a rajista ana rasawa. Na ce masa ina! Mun yi rantsuwar riƙe sirri ranar da muka kama aiki, dokar sirrin gwamnati ta 1962 tana nan, ga kuma dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023. Takardar albashin wani ko ta ladabtar da shi ba ta da abin yi a ƙarƙashin teburin falona. Gyaran rajista aikin gwamnati ne, kuma ya kamata ta yi, amma ba ta wannan hanyar ba.

Sai dai aikin gwamnatin ne ya tuna mini abin da na manta. Shekarun baya wani babban ma'aikaci a wajenmu ya rasu bagatatan, kwamfutar da ke ɗauke da aikin sashe na shekaru tana kulle da kalmar sirrin da shi kaɗai ya sani. Mun yi watanni muna haɗa abin da ya ɓata daga takardu. A ofis ko canjin wurin aiki aka yi maka sai ka rubuta takardar miƙa aiki. Ni kuwa ga shi na tara tarihin gidanmu kaf a cikin akwatin da ni kaɗai na san yadda ake buɗe shi. In yau ta Allah ta kasance, iyalina za su ga tsohuwar kwamfuta mai ƙura, wani ya ce a sayar wa 'yan gwangwan.

Sai na sayi littafin rubutu mai shafi 40 na rubuta komai da Hausa: yadda ake kunnawa, lambar da ake bugawa a burauza, kalmomin sirri, inda faifai na biyu yake, da cewa ko sabar ta mutu ana iya kai faifan wajen duk mai gyaran da ya san Linux ya kwashe abin ciki, don ban kulle shi da wani tsari na musamman ba. Na sa littafin a jakar da takardun fili suke. Sannan na kira babbar 'yata, shekararta 16, na kashe sabar, na miƙa mata littafin na ce ta nemo mini hoton kakanta, ni kuma ba zan ce uffan ba. Ta bi layi ɗaya, biyu, uku, a na huɗu ta tsaya. Ta ce, "Abba, ka rubuta a shiga da sunan mai kula, amma ba ka rubuta sunan ba." Gaskiyarta. A kaina yake, na ɗauka kowa ya sani. Wurare uku ta kama ni a haka. Uwargida tana gefe ta ce wannan wace irin magana ce ta mutuwa da rana tsaka, amma da aka gama ita ma ta karɓi littafin ta gwada.

Da Hajiya ta zo mana kwana biyu bayan salla, na kunna mata saƙonnin Baba a talabijin. Ba ta ce komai ba sai da na huɗun ya ƙare, sannan ta ce akwai kaset-kaset ɗinsa a cikin akwatin ƙarfe a ɗakinta, har da wanda aka ɗauka ranar ɗaurin auren Yaya a 1994, shi ne ya yi jawabin godiya. Na je na ɗauko, guda goma sha ɗaya ne, biyu sun yi fumfuna. Kaset ba ya jira, zarensa yana lalacewa a zafin nan namu, ga shi rediyon gidan ta daɗe da mutuwa.

Abokin aikina da aka karɓe wa waya zai zo ranar Asabar da tsohon laftof ɗin matarsa mu gwada haɗa masa nasa, na ce ya fara bin dangi ya tattaro hotunan sunan tun ba su goge ba. Ni kuma ina cigiya: duk wanda yake da rediyo mai kaset da ke aiki, wadda ba ta cin zare, mai ramin iyafis, don Allah ya ara mini ta mako guda. Zan zo har gida in ɗauka.